Kunkurun Ruwa Huɗu da Na Zuba a Tabkin Garinmu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha a Damagaram, ranar wata Talata cikin kakar nan da ta wuce. Mu uku ne: ni, da ƙanena, da wani maƙwabcina mushen lakwal, wato malamin makaranta, wanda ya ce shekara ashirin yana nuna wa yara Dungas a kan taswira amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba. Ƙauyenmu muka nufa, can tsakanin Dungas da Waca. Rabona da shi shekara bakwai, tun da muka rufe Innarmu.

Ba biki ya kai ni ba, ba kuma rasuwa ba. Waya ce. Habu, abokina na ƙuruciya, masunci ɗan masunci, shi ya kira ni. Bayan mun gaisa ya ce zai sayar da gorarsa da komarsa, in an gama ɗaukar amfanin gona ya bi samari ci-rani. Mutumin da ya haura hamsin fa. Na ce lafiya? Ya ce, "Sani, ka zo ka ga baƙinka. Sun yi 'ya'ya da jikoki." Na gane abin da yake nufi, amma ban gaya wa abokan tafiyata ba sai da muka yi nisa.

Motar haya ƙirar Hiyas muka samu, aka danna mu ciki, aka ɗaure awaki biyu a kan rufi. Na yi shekara talatin ina tuƙa kamyo, babbar motar kaya, kafin gwiwa ta zaunar da ni, shi ya sa zaman fasinja wahala ce gare ni. Duk ramin da direba ya dosa sai in ji ƙafata tana laluben birki a ƙasa. Ƙanena ya lura, ya ce in na taka masa yatsa sau ɗaya kuma zai koma wajen awakin. Jandarmomi sun tsayar da mu a bakin gari, suka duba takardu, muka wuce. Gari na wayewa muka fara ganin damman hatsi a tsaye cikin gonaki, ga harawa an ɗora a kan itatuwa don kada dabbobi su kai gare ta. Gawo ya fara fitar da sabon ganye, shi da yake tsayawa tsirara duk damina.

Da muka gangara kwarin Bande sai iska ta canza. Wanda bai san wurin ba zai ɗauka an sauya masa ƙasa: rake ya yi duhu, ga rogo, ga dabino, ga 'yan lambu sun duƙa tun da sanyin safiya. Motar ta tsaya sauke wata tsohuwa da buhunta, masu talla suka rufe tagogi. Mushe ya sayi rake sanda guda dala ashirin, yana ta mamakin araha, har ya ƙara biyu. Bai tuna cewa babu inda zai tofar da ɓawo a cikin motar ba sai da ya cika baki. Haka ya riƙe abinsa a hannu har Magarya.

A Magarya muka karya kumallo da waina da miyar taushe wajen wata mata da ke kusa da tasha. Nan sefa da naira duk suna tafiya, mai wainar ma ba ta ɗaga kai take mayar da canji da kowanne. Kwalaben mai jere a bakin hanya, 'yan kabu-kabu suna ta kiran Tinkim, Tinkim, masu zuwa iyaka. Muna cikin ci na hango wani mutum ya buɗe kwali yana ɓamɓare kifin teku daga ƙanƙara, mata sun kewaye shi. Na tambayi mai waina ko ba a kawo kifin tabki yanzu. Ta ce ana kawowa jefi-jefi, amma sai mai hali. Lomar da ke hannuna ta yi mini nauyi. Lokacin da nake yaro, daga garinmu ake ɗora kwandunan bandar tarwaɗa a kan jakuna a kawo wannan kasuwa.

A motar Dungas na ba abokan tafiyata labarin. Ƙanena yana Agadas lokacin da abin ya faru, bai san kome ba.

Shekara goma sha takwas ke nan. Na kai albasa can bakin teku, muna jiran lodin dawowa, sai na shiga wata kasuwa neman tsaraba. Na ga wata mata da daro cike da 'yan kunkurun ruwa, kowanne bai wuce bakin kofin shayi ba. Kore shar, ga zane-zane a wuya kamar an yi da alƙalami, ga wani jan ɗigo a bayan ido. Ban taɓa ganin irinsu ba. Matar ta ce daga ƙetare ake kawo su, masu kuɗi na sa su a gidan gilashi. 'Yata ta fari tana da shekara shida a lokacin. Na sayi huɗu, na yanke bakin bido, wato jarka, na zuba musu ruwa, na riƙo su a gaban mota kwana biyar ina ba su ɓarɓashin burodi. Ranar da na iso, yaran unguwa ba su bar ƙofar gidanmu ba sai da aka kore su.

Sun yi shekara da wani abu a cikin daro. Suka girma suka kai tafin hannu, koren ya dushe, ruwansu ya soma wari, ɗaya ta ciji yarinyar a yatsa. Ranar nan Inna ta kira ni. Ta ce, "Sani, wannan halittar ruwa ce. Ka tsare ta a kwano ba ta yi maka laifin kome ba. Kai su tabki, Allah zai ciyar da su." Na ga maganarta gaskiya ce. Na ɗauki daron, Habu ya raka ni, muka zuba su a bakin ruwa wajen tsohuwar giginya. Suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Na dawo gida ina jin na yi aikin lada.

Da na gama, mushe ya ce to mene ne a ciki, kunkuru huɗu a tabki guda? Na ce masa ni ma haka na ce wa kaina duk shekarun nan.

Hanyar Dungas wani wuri ta yi santsi, wani wuri sai addu'a. Mun isa wajen azahar, muka yi salla, muka sha fura mai sanyi wadda ta ji nono. Daga nan babu mota sai ranar kasuwa, don haka muka hau kabu-kabu uku. Rairayi ne zalla. Wanda ya ɗauki mushe ya kayar da shi sau biyu, a na biyun mushe ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce yanzu ya san abin da taswira ke ɓoyewa. Muka ratsa gonakin gyaɗa ana cira, mata suna ɗaga mana hannu. Wata dattijuwa ta ƙura mini ido ta ce, "Wannan ba ɗan Hajara ba ne?" Sunan Innarmu ke nan. Na daɗe ban ji wani ya kira ni da shi ba.

Gidanmu yana nan, ɗan baffanmu ke ciki da iyalinsa. An sake danga, an sare ɗorawar da ke tsakar gida saboda ta tsufa. Ɗakin Inna an mayar da shi wurin ajiyar wake. Na tsaya a ƙofarsa kaɗan, sannan aka kira mu tuwo.

Bayan la'asar Habu ya zo. Ya rame, furfura ta cinye masa gemu, amma tafiyarsa tana nan, ta mutumin da ya saba taka laka. Muka rungumi juna, ya ce na yi tumbi irin na mutanen birni. Ba mu zauna ba, muka nufi tabki.

Sai na gaya muku yadda wannan ruwa yake a da, don ku san abin da na je nema. Ruwan Bado muke ce masa. Ba ya ƙafewa ko da rani ya yi tsanani, sai dai ya ja baya. Da kaka furen bado yake rufe shi fari fat, har ba ka ganin ruwan sai inda shanu suka buɗa. Mu yara mu shiga mu ciro 'ya'yan badon mu ɓare mu ci, mu tono tushensa a gasa mana. Kwaɗi kuwa, in damina ta sauka, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Akwai kififiya, irin tamu ta gado, mai kunya, wadda in ta ji motsin ƙafa sai dai ka ga ruwa ya motsa. A gefen da ba zurfi karfasa ke share ƙasa ta yi gurbi kamar faranti ta zuba ƙwai, mu tsaya a kan tudu muna kallonta tana gadi. Sau ɗaya a shekara Sarkin Ruwa yake buɗe su, wato kamun kifi. Ranar nan garuruwa bakwai suke haɗuwa, maza a kan gora, koma a hannu, mata a bakin ruwa da ƙorai suna guɗa. Mahaifin Habu ya taɓa fito da tarwaɗa wadda sai da mutum biyu suka ɗauke ta. Da yamma duk gidan da ka wuce ƙamshin miya ɗaya ne. Inna takan ajiye mini kan kifin, don ta san shi nake so.

Abin da na tarar daban. Ruwan yana nan, bai ragu sosai ba, amma ya yi kore-kore, ya yi shiru. Bado sai 'yan ganye can tsakiya, su ma duk an gutsure gefensu. Tsohuwar giginyar ta faɗi cikin ruwa, kuma a kan gangar jikinta, daga tushe har kai, ga su nan jere suna shan rana, wata a kan wata, manya kamar faifai. Na ce wa Habu duka waɗannan? Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ɗauki hoge ya jefa. Suka zube cikin ruwa gaba ɗaya. Kafin mu ƙarasa bakin gaɓa, kawuna sun fara ɓullowa ko'ina, kowanne da jan ɗigonsa. Jan Kunne, haka mutanen gari suka sa musu suna.

Habu ya kwanta a kan gorarsa ya shiga duba mamarin da ya kafa tun safe, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa. Muna tsaye muna kallo yana ɗago ta. Ƙugiya ta farko babu kome, an cinye abincin. Ta biyu haka. Can ya ɗago wata da kan tarwaɗa kawai, jikin an yagalgala shi har ƙaya. Ya jefo mana shi bakin ruwa. Da ya fito, abin da ya samu karfasa biyu ne, ƙanana.

A hanyar komawa ya yi mini bayani. Shekarun farko ba wanda ya kula. Daga baya aka ga gurbin karfasa ana watsa shi tun ƙwai bai ƙyanƙyashe ba. 'Yan kifi masu kamar allura da ke taruwa a gefe suka daina taruwa. 'Ya'yan kwaɗi ma haka. Bado yana tsirowa suna cinye shi tun yana ƙarƙashin ruwa. Kififiyar gado ya ce rabonsa da ganinta shekara huɗu, baƙin sun ƙwace wurin shan rana da wurin zuba ƙwai. Na ce mutane sun san daga ina suka fito? Ya ce wasu na cewa ambaliya ce ta kawo su, wasu na cewa aikin aljanun ruwa ne don an daina yi musu abin da aka saba. Na ce kai fa, me ka ce? Ya ce, "Ni ban ce kome ba. Tare muka zuba su."

Ban ci tuwon kirki ba ranar nan. Da gari ya waye na ce wa Habu ya kai ni wajen Sarkin Ruwa. Ya ce ba dole ba ne, magana ta riga ta wuce, kada in jawo wa kaina bakin jini a garin da kabarin iyayena yake. Ƙanena ma ya ce in bari. Na ce ba zan iya komawa Damagaram da abin nan a ciki ba.

Mun same shi da hantsi a zaurensa, kan buzu, yana gyaran wata tsohuwar koma. Ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, amma da na yi sallama ya ce muryar gidan Hajara ce. Akwai dattawa uku tare da shi. Na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Baba, na zo da magana mai nauyi. Jan Kunnen nan ba ambaliya ta kawo su ba. Ni na kawo su, ni na zuba su da hannuna."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati. Wani ya ce ashe, ashe, ya fara ɗaga murya yana cewa 'ya'yansa biyu sun bar gari saboda ruwan nan ya mutu. Ban ɗago kai ba, don gaskiya ya faɗa. Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu, mutumin ya yi shiru.

"Guda nawa ka zuba?"

"Huɗu, Baba."

Ya jinjina kai. "Huɗu." Ya ajiye komar. "Wa ya ce ka kai su?"

Na ce Inna ce, don ta ji tausayinsu.

Ya ce, "Halinta ne. Allah ya jiƙanta." Aka ce amin. Ya ci gaba, "Ɗan Hajara, daga gidanku zuwa tabki ta ƙofar nan ake wucewa. Da ka leƙo ka nuna mini, da na ce maka ban san wannan dabba ba, kuma abin da ban sani ba ba ya shiga ruwan nan. Aikina ke nan. Ba buɗe su kaɗai aka naɗa ni in yi ba."

Na ce na yi kuskure, a yafe mini.

Ya juya wajen dattijon da ya yi faɗa ya ce masa kada ya ɗora wa mutum ɗaya kaya duka. Ya ce su wa suka riƙa tace ruwan da gidan sauro suna kwashe 'yan kifi tun ba su kai yatsa ba? Su wa suka noma gaɓa har bakin ruwa, rairayi ya gangaro? Ya ce baƙin sun tarar da ruwan ya riga ya gaji, suka ƙarasa shi. Sannan ya dawo kaina. Ya ce yafiya ta Allah ce, su kuma sun yafe, amma ruwa ba ya jin ban haƙuri, sai aiki. In da gaske nake, in bi Habu gobe.

Ashe akwai abin da suka soma. Wani ma'aikacin gandun daji da ya zo daga Dungas bara ya ga abin, ya ce musu wannan dabba ta wata nahiya ce, ba ta da mai cinta a nan, kuma duk inda aka sake ta haka take yi. Ya nuna musu dabara biyu. Ta farko, a bi gaɓa ana tone ƙwansu a cikin rairayi. Ta biyu tarko ne: a ɗaure tsofaffin bidoji huɗu su yi kewaye a kan ruwa, a sa raga a ƙasa, a jingina katako ta waje. In sun hau shan rana suka tsorata, sai su zube ciki. Tarko ɗaya kawai garin ke da shi, don katako da raga ba sa samuwa, kuma mutane sun gaji da aikin da ba a ganin ƙarshensa.

Kwana uku muka yi muna wannan aiki. Da safe mu bi gaɓa da sanda muna neman inda ƙasa ta yi laushi. Habu ya ce ba lokacin ƙwai ba ne sosai, duk da haka mun tone gurbi da dama. Da rana ta take mu ja tarko. Suna da ƙarfi, suna da cizo, kuma fitsarinsu ba a magana. Ƙanena ya sha cizo a babban yatsa, ya ce wannan gadon gidanmu ne, tun da 'yar wansa ma ta sha. Waɗanda aka kama ana zuba su a wani tsohon kwalbatin siminti da aka kewaye, nesa da ruwa. Limamin gari ya ce musu abin da ke cutar da jama'a ya halatta a kawar da shi, amma ba da azaba ba, don haka mahauci ke zuwa ya yanka. Ban iya tsayawa kallon wannan ba. Ba su suka kawo kansu ba.

A rana ta biyu mutane suka fara fitowa. Labari ya zaga gari cewa ɗan Hajara ya amsa laifi kuma ga shi can cikin laka har gwiwa da tumbinsa. Wasu kallo ya kawo su, wasu tsokana. Wata tsohuwa, ƙawar Inna, ta zo ta tsaya a kaina ta zage ni tas, sannan ta aiko mana da fura. Dattijon da ya yi faɗa a zaure bai yi mini magana ba, amma na gan shi ya kawo ƙyauren wani tsohon rumbu ya ajiye wa Habu, ya ce a yi katakon tarko da shi. Kafin mu taho an haɗa na biyu.

A rana ta uku abin dariya ya faru, ko da yake ni ban yi dariya ba a lokacin. Mun tone wani gurbi muka tarar 'ya'yan sun ƙyanƙyashe, kore shar, da jan ɗigonsu, kamar waɗanda na gani a daron matar nan. Can na waiga na ga mushe ya juya mana baya yana cusa wani abu a aljihun jakarsa. Na ce mene ne? Ya ce biyu kawai, zai kai lakwal yara su gani, ilimi ne. Na ce in sun girma fa? Ya ce sai a san yadda za a yi. Na ce a Damagaram akwai tabkuna nawa? Sai ya zaro su ya miƙa wa Habu. Ya ce hoto ma ya isa. Ya ɗauki hotuna sun fi ashirin, har da na yatsan ƙanena.

Da yammar ranar muka zauna ni da Habu a kan tudun da muke zama muna yara. Rana ta yi sanyi, shanu sun sha ruwa sun tafi. Zalɓe ɗaya ya sauka can gefe, ya daɗe a tsaye bai samu kome ba, ya tashi. Muka yi ta tuna mutane: wane ya rasu, wance tana Kano, wane ya makance. Ya tuna mini ranar da gora ta kife da ni na sha ruwa, mahaifinsa ya ciro ni da wuyan riga ya ƙara mini da mari. Muka yi dariya har da hawaye. Daga nan na tambaye shi maganar ci-rani. Ya ce gorar nan ta kakansa ce, ya kai ta kasuwar Waca sau biyu yana dawowa da ita. Ya ce zai ƙara shekara guda. In tarko ya kai biyar ko shida, aka hana gidan sauro, aka rufe ruwan aka bar shi ya huta, wataƙila a ga 'yan kifi a gefe. In ba a gani ba, zai tafi. Na ce raga da bidoji suna wuyana, na san inda ake samunsu a birni, kuma zan dawo lokacin ƙwai. Ya ce, "Ka dawo ɗin dai. Ko ba don su ba."

Ranar Lahadi muka yi sallama. Na je kabarin Inna da safe na yi mata addu'a. Ban ga laifinta ba, har yanzu ban gani ba. Sarkin Ruwa ya sa mini albarka, ya ce in gaida yarinyar da aka saya wa tsarabar, in ce mata ta yi tsada. Habu ya rako mu har bakin gari, ya miƙo mini wani ƙunshi a takardar siminti, ya ce kada in buɗe sai na isa.

Ta Waca muka biyo a dawowa, a bayan wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, tare da buhunan wake da wani rago da ya ƙi jinin mushe tun daga farko. Mun ci rogo da ƙuli a tashar Waca, muka jira mota ta cika har bayan azahar. Ban kula da tuƙin direba ba a wannan karo, hankalina yana wani wuri. Muka shigo Damagaram ana kiran magariba.

Na koyi abubuwa a wannan tafiya da ban koya ba a shekara talatin ina yawo a kan hanya. Na ga ƙasashe, na ɗauka na san duniya, ashe ban san tabkin da na yi wanka a cikinsa ina yaro ba. Kowane ruwa da nasa mazauna, sun daɗe da sanin juna, kuma baƙo ɗaya da ba a san halinsa ba yana iya watsa su. Na yi abin nan da zuciya ɗaya, Inna ma haka, amma kyakkyawar niyyarmu ba ta hana kifi ƙarewa ba. Ku da kuke tafiye-tafiye, in kun ga wata 'yar dabba mai kyau a kasuwar wata ƙasa, kunkuru ne, kwaɗo ne, ɗan kada ne, ku kalle ta ku wuce. In kuma tana gidanku kun gaji da ita, kada ku kai ta ruwa. Ku nemi waɗanda suka sani ku tambaya.

Da na shiga gida na buɗe ƙunshin. Bandar karfasa ce guda uku, ba wadda ta kai tafin hannuna. Na san kamun kwana biyu ne, kuma na san gidansa ba su ci ba. Maiɗakina ta ɗaga ɗaya tana juyawa, ta ce wannan ai ko miya ba za ta ji ba. Na ce ta sa su haka nan. Da aka kawo tuwo na ci a hankali, ban bar ko ƙaya ba.